Makullin Zarto a Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a shagonmu na unguwar Umarari ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, Modu ba zai bar ni ba. Shekara uku ke nan, amma ko jiya da na cire hula zan yi alwala sai da ya miƙo wuya ya leƙa cikinta.

Bari in fara da shagon, don a gane yadda abin ya faru. Mu biyar ne kafintoci a rumfa ɗaya mai faɗi, kowa da teburinsa, kowa da masu kawo masa aiki. Abu ɗaya muka yi tarayya a kai, wato injin zarto. Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ƙaddara wata doguwar ɗamara ta ƙarfe, siririya, mai haƙora a gefe guda, an haɗa bakinta da baki an ɗora ta a kan taya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Idan aka kunna, sai ɗamarar ta dinga gudu tana ratsa tsakiyar wani teburin ƙarfe, kai kuma kana tura mata katako. Tana yanka miƙaƙƙe, tana yanka lanƙwasa, kuma har yau ba ta koyi bambanta katako da yatsa ba.

Ni allunan karatu nake yi, da 'yan kujerun ɗora Alƙur'ani. Na yi karatun allo tun kafin in san akwai boko, har yanzu idan zan rubuta awo a jikin katako da ajami nake yi. Shi ya sa suke ce min Malam, kuma ni nake jan su sallah a kan tabarmar da ke bakin shago. (To shi mutum, da zarar an fara ce masa Malam, sai ya fara jin ko tari ya yi akwai darasi a ciki. Allah Ya yafe mana.)

Da aka kawo injin nan, ba wanda ya naɗa ni mai kula da shi, ni na naɗa kaina. Na zaɓi allo mafi kyau cikin waɗanda na yi, na dama tawada, na zauna na rubuta dokoki da ajami, na rataye a bango saitin injin. Ba a kusantarsa da babbar riga ko hannun riga a sake. A sa tabarau. A sauko da murfin zarto har ya kusa taɓa katakon da za a yanka. Idan yanka ya zo ƙarshe, da sanda ake turawa, ba da yatsa ba. Ba a kai hannu a ɗauke guntu sai ɗamarar ta tsaya cak, domin tana daɗewa tana juyi bayan an kashe. Idan aka ɗauke wuta, a kashe makunni nan take, kada a kawo wuta injin ya tashi da kansa. Sai doka ta bakwai, wadda na fi so, na kuma yi mata ado da jar tawada: a jikin makunnin akwai wani ɗan makulli na roba, ruwan ɗorawa, bai fi kan babban yatsa ba, idan aka zare shi injin ba ya tashi ko mutum zai kwana yana danna shi. Duk wanda zai share injin, ya cire waya daga soket, ya zare makullin ya riƙe a jikinsa, idan ya gama ya rataye shi a ƙusar da ke ƙarƙashin allon. Wanda ya saɓa, ba shi ba injin har mako guda, kuma shi zai share shagon duk makon.

Ba Bitrus (a garin nan Ba muke ce wa dattijo, kamar a ce Baba), wanda teburinsa ke kusa da nawa, mutumin wajajen Biu ne, dattijo ne a cocinsu, ba ya karanta ajami. Na taɓa ce masa zan sa a rubuta masa da boko. Ya ce, "Malam, kada ka wahalar da kowa. Kana karanta mana su safe da yamma, na haddace har da inda kake tsayawa ka yi numfashi."

Shi kuwa Modu Babarbare ne, ni kuma kakana Bafulatani ne, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun kafin a haife mu. Ba ya kirana Malam sai in zai tsokane ni. Fulata yake ce min, wani lokaci bawana. Ɗan yatsansa na hagu guntu ne, wani inji ya cinye kan tun yana saurayi a unguwar Dala, kuma duk lokacin da na yi masa faɗa sai ya ɗaga shi ya ce, "Ni na riga na fitar da zakkar yatsa, Fulata. Ku ne ba ku fitar ba."

To, ranar Asabar ta makon nan za a ɗaura auren Rifkatu, 'yar Ba Bitrus ta fari, a can gida. Motar da za ta kai kayan ɗakinta za ta tashi ranar Juma'a bayan asuba. Komai ya kammala sai majinginar gado. Wani faffaɗan katakon maɗaci ne, ja wur, da Ba Bitrus ya jingine a bayan teburinsa shekara biyu, ko ƙura ba ya bari ta zauna a kai. Ya zana masa lanƙwasa da fensir, ta taso daga dama ta hau tsakiya ta gangara hagu. Wannan yankan sai injin zarto. A lokacin kuwa wutar unguwarmu da hantsi take zuwa, ta tafi wajen la'asar, ɗan janaretanmu kuma ba ya ɗaukar injin. Wato dai abin da Ba Bitrus yake da shi a duniya shi ne wutar ranar Alhamis ɗin nan.

Kuma ranar ni ke da sharar injin.

Na zo da sassafe, kafin kowa. Babu wuta, amma duk da haka na cire wayar daga soket, domin ba ta sallama in za ta zo. Na zare makullin na tura shi aljihun rigar aikina, sai na ji yatsana ya leƙo ta ƙasa. Aljihun ya huje. Na tsaya ina tunanin inda zan ajiye shi a jikina, kamar yadda doka ta ce. Hular da ke kaina ɗinkin Bama ce, doguwa mai tauri, tsakanin rufinta da tsakiyar kaina akwai filin da zai ɗauki ƙwai biyu. Na ɗaga ta, na jefa makullin ciki, na mayar na danna. Har na yaba wa kaina wannan dabara. (Mai karatu, ka riƙe wannan wurin da kyau. Kai kaɗai ne za ka riƙe shi, ni dai ban riƙe ba.)

Na buɗe ƙofar sama da ta ƙasa na sa buroshi, domin ba a kwashe garin katako da hannu kusa da haƙora, ba a kuma hura shi da baki ya dawo maka ido. Na share tayoyin biyu, na kwashe abin da ya taru a ƙasa. Ƙaron katako da ya manne wa ɗamarar na goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ina juya tayar da hannu a hankali ta baya, don kada haƙoran su cafke tsumman. Na bi ɗamarar da ido tun daga farko har ta zagayo ko akwai tsaga. Ba yabon kai ba, na iya sharar nan.

Ina cikin haka sai ga Ya Falmata, mai sayar da abinci a bakin shagonmu, da wata tsohuwar takarda a naɗe cikin leda.

"Wushe, sannu da aiki, Malam. Cikin kayan marigayi maigidana na tsinci wannan. Duba min, ko wata addu'a ce ya bari."

Ba abin da nake so a duniya irin a kawo min tsohon ajami. Na goge hannu na fito haske na zauna. Rubutun ya dushe, na yi kusan rabin sa'a ina bin sa harafi harafi, ina gyaran murya. Ashe haɗin maganin ciwon baya ne. Ta ce, "Allah sarki, ai kuwa da shi ya mutu, bai yi masa aiki ba." Muka yi masa addu'a, ta koma wurin tukunyarta.

Na dawo na rufe ƙofofin injin, na mayar da waya, na miƙa hannu na rataye buroshi a ƙusarsa. Wannan miƙa hannun shi ya cuce ni. Tun da hannuna ya rataye wani abu a bangon nan, sai zuciyata ta rubuta cewa an rataye makulli, ta sa hannu, ta rufe littafi.

Wajen ƙarfe goma fankar shago ta fara juyi. Ba Bitrus ya naɗe hannun rigarsa, ya sa tabarau, shi da Modu suka ɗauko maɗacin suka ɗora a teburin injin. Ya daidaita murfin zarto. Ya miƙa hannu ƙusa, babu komai.

"Malam, makullin fa?"

"Yana ƙusa."

"Ba ya nan."

Na taso da tafiyar mutumin da zai nuna wa makaho hanya. Na duba ƙusa, buroshi ne kawai a ta kusa da ita. Na duba ƙasa. Na juyo na kalli mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya, na tsayar da idona a kan Modu. Dama jiya na kama shi ya kai hannu zai ɗauke guntun katako ɗamarar ba ta gama tsayawa ba, na yi masa wa'azin da sai da shayinsa ya huce.

Na ce, "Modu, wasa yana da lokaci. Yau ba ranar wasa ba ce. Fito da shi."

"Da me, Fulata?"

"Ka sani."

"Wallahi da na ɓoye shi da tuni na fito da shi, don ba kai zan ƙuntata wa ba, Ba Bitrus ne. In zan tsokane ka, hularka zan ɓoye."

Ka ji fa. Har bakin ƙofa ya zo bai sani ba. Ni kuwa na dafe hular na ƙara danna ta.

Ba Bitrus, da yake mutum ne mai sanyin hali, ya matso kusa ya rage murya. "Malam, ba wai ina zarginka ba ne. Lokacin da kake sharewa, ina ka ajiye shi?"

Wannan ita ce tambayar da za ta raba gardama. Da na tsaya na yi tunani kaɗan, da an wuce wurin. Amma sai na ji ta a matsayin raini. Ni da na rubuta doka ta bakwai da jar tawada, ni za a tambaya ina na ajiye makulli?

Na ce, "Ba Bitrus, shekara nawa muna tare? Ka taɓa ganin na saɓa ko ɗaya? Da hannun nan na rataye shi. Bayan ni wani ya taɓa."

Ya ce, "Haka ne, Malam. Yi haƙuri." Har haƙuri ya ba ni, bawan Allah.

Daga nan na karɓi jagorancin bincike. Na ce kowa ya zazzage aljihunsa a kan teburina, kuma don a ga adalci na fara da nawa. Na zaro carbi da aswaki daga aljihun wando, na juya na rigar na nuna musu hujin. Sauran abokan aikinmu biyu suka zube fensir da tef ɗin awo da goro. Ba Bitrus ya fito da hankici da jerin sunayen kayan ɗakin 'yarsa. Da aka zo kan Modu sai ya fara noƙewa. Na ce a raina, an zo wurin. Na matsa masa lamba har ya juye aljihun, sai ga alawa guda shida, irin ta madara. Modu kuwa likita ya hana shi zaƙi, kuma ya rantse wa matarsa, Ya Hajja, ya daina.

Na ce, "To, ba a sami abin da ake nema ba, amma an sami abin da za a gaya wa Ya Hajja."

Ya ce, "Gaya mata. Bafulatani ai ba ya ganin madara ya yi shiru."

Sai wani ya ce tunda aljihuna a huje yake, wataƙila makullin ya faɗa cikin garin katakon da na kwashe. Na ce ban bar shi a aljihu ba, domin na san a huje yake (wannan kam gaskiya ce, ita kaɗai na faɗa ranar a kan makullin), amma don hankalin kowa ya kwanta a duba. Aka aro rariyar Ya Falmata, aka juye buhu huɗu na garin katako a tsakar shago. Dattawa huɗu suka durƙusa suna tankaɗe, suna atishawa, gemu da gira duk sun yi fari. Ni ina tsaye a kansu, hannuwa a baya, ina nuna musu inda ba su tankaɗe da kyau ba. Lokaci lokaci sai in ji wani abu yana ɗan taɓa min tsakiyar kai, in murza hular in ce garin katako ne ya shiga.

Sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta wuce. Fanka tana ta juyi a banza. Ba Bitrus ya buga waya wurin wani mai irin injinmu a Dala, aka ce ɗamararsu ta tsinke tun shekaranjiya. Matarsa ta kira shi sau biyu, ina ji yana ce mata, "Ana kai, Maman Rifkatu, ana kai."

Modu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Ku ji. A kwance makunnin, in haɗa wayoyin kai tsaye. Minti biyar. A yanka gadon yarinya, gobe a nemi makulli."

Nan na sami abin da nake jira. Na yi bayani dalla dalla cewa idan aka haɗa kai tsaye babu abin kashewa a kusa da hannun mai yanka. In katako ya cije, ko ɗamara ta tsinke, kafin a ruga soket an gama. In kuma aka ɗauke wuta aka dawo da ita, injin zai tashi ko hannun wa ke kai. Maganata daidai ce, har gobe ina kanta. Sai dai da ka ga yadda nake faɗarta, ina ɗaga yatsa, ina karkata hula, da ka ce a filin idi nake.

Ba Bitrus ya ce, "Malam ya yi gaskiya, Modu. Ba zan sa hannun kowa cikin haɗari saboda gado ba. In bai samu ba, ta kwana a katifa har Allah Ya kawo lokaci." Ya ɗauki hankicinsa ya goge ƙurar da ta zauna a kan maɗacin, ya koma benci ya zauna. Ya Falmata ta kawo masa abinci, bai taɓa ba.

Tausayinsa ya kama ni, kuma tausayin ya koma fushi da wannan azzalumin da ya ɗauke makulli. Daidai lokacin aka fara kiran azahar. Na tsaya a tsakiyar shagon na ɗaga hannu biyu.

"Ya Allah, Kai ne Masanin abin da ke ɓoye. Duk wanda makullin nan yake wurinsa, Ka tona asirinsa a gaban jama'a kafin la'asar."

Kowa ya ce amin, har Ba Bitrus daga kan benci. Modu ya fi kowa ɗaga murya. Na yi masa kallon za mu gani.

Muka fito bakin shago da butoci, muka jeru a kan dakali. Modu yana damata, Ba Bitrus yana kan bencinsa a gabanmu, Ya Falmata tana zuba wa wasu masu keke napep biyu abinci. Na yi bisimilla. Na wanke hannu, na kurkure baki, na shaƙa ruwa, na wanke fuska da damatsa, a natse, yadda ya kamata liman ya yi a gaban mamu. Sai shafar kai. Na sa hannu na ɗaga hula.

Wani abu ya zamo daga tsakiyar kaina, ya bi ta goshina, ya daki hancina, ya faɗa kan butar ya yi ƙas, ya yi tsalle ɗaya a kan siminti, ya gangara a hankali, kamar yana so kowa ya gan shi, ya je ya kwanta a gaban takalmin Ba Bitrus. Ruwan ɗorawa, bai fi kan babban yatsa ba.

Ludayin Ya Falmata ya tsaya a iska. Ni ina tsugune, hula a hannun hagu, hannun dama a jiƙe a sama, ruwa yana bi min gwiwar hannu yana ɗiga. A lokacin komai ya dawo min: hujin aljihu, dabarar da na yaba wa kaina, maganin ciwon baya, buroshi. Na so ƙasa ta buɗe, amma siminti ne, ni da kaina na ba da shawarar a zuba shi.

Modu bai yi dariya ba, wannan shi ne muguntarsa. Ya ci gaba da alwalarsa, ya shafi kai, ya shafi kunne, ya wanke ƙafa ɗaya, ya wanke ɗayar, ya yi shahada. Sannan ya juyo.

"Ya Falmata, daga yau duk mai buƙata ya zo wurin bawan nan nawa. Na ga malamai da yawa a garin nan, ban taɓa ganin wanda ake amsa masa da sauri haka ba. La'asar ya roƙa, aka ba shi tun azahar."

Ya Falmata ta ce, "A dawo min da rariyata a wanke."

Ba Bitrus ya sunkuya ya ɗauki makullin, ya goge shi da hankici, ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Malam, ku yi sallarku. In kun idar ku zo ku riƙe min katako, yana da nauyi." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ce Modu ya shiga gaba yau. Ya ce, "Ni? Mai alawa a aljihu? A'a, shiga, liman. Sai dai ka duba hular tukuna, kada a yi ruku'u guduma ta faɗo."

Na ja sallar nan. Allah Ya karɓa, amma ban taɓa yin raka'a huɗu masu tsawo irinsu ba, duk da gajerun surori na karanta. A raka'a ta biyu na ji wani a bayana yana wani irin tari da ba na mura ba.

Muna sallamewa muka shiga. Ba Bitrus bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Ya duba ƙofofin injin a rufe suke, ya sake daidaita murfin zarto, ya sa tabarau, ya sa makulli, ya kunna, ya jira ɗamarar ta kai gudunta. Ni da Modu muka tallafi katakon ta gefe, nesa da haƙora. Maɗaci ne mai kauri, ba a tura shi da ƙarfi, sai a hankali. Inda lanƙwasar ta yi tsanani sai ya fara tsattsaga gefen da za a zubar, don kada ɗamarar ta murɗe. Duk tsagar da ya gama sai ya kashe, mu tsaya mu uku muna kallon ɗamarar har ta tsaya, sannan ya ja katakon baya ya ture guntayen da sanda. Ba wanda ya ce a yi sauri, amma kowa yana satar kallon fanka.

An gama dama, an haye tsakiya, ana gangarowa hagu, saura kamar kamu ɗaya, sai fanka ta fara rage gudu. Ba Bitrus ya kashe makunni tun kafin ta tsaya. Muka jira, muka zare katakon.

Na ce, "Ku bar min wannan."

Na ɗauko siririn zartona na hannu, wanda nake yanka kan allo da shi kafin zuwan inji. Allo katako ne mai taushi, maɗaci kuwa kamar dutse. Na cire hula na ajiye (Modu ya ɗauka ya kife ta ya girgiza), na durƙusa na fara. Na yi sa'a guda a kan kamu ɗayan nan, gumi yana shiga min ido, tafin hannuna ya yi bororo. Da na gama muka jingine majinginar muka ja baya muka duba. Dama ta gangaro sumul kamar ruwa. Hagu ta gangaro, ta ɗan yi tuntuɓe, sannan ta ci gaba. Na sa takardar goge katako na yi iya yina, tuntuɓen ya ragu amma bai tafi ba.

Na ce, "Ba Bitrus, ka yafe ni. Na ɓata maka rana, na ɓata maka katako, na kuma sa ka ba ni haƙuri a kan gaskiyarka."

Ya shafa wurin da tafin hannu. "Bar shi haka. In Rifkatu ta tambaya, zan ce mata nan ne Malam ya sa mata albarka."

Mu biyar muka taru a kan gadon, wannan na gogewa, wannan na shafa mai, kafin magariba ya bushe daidai ɗauka. Da asuba ya shiga mota. Bayan biki Rifkatu ta aiko min da gaisuwa da ƙullin cincin, ta ce a gaya wa Malam mijinta ya zaɓi ɓangaren dama, ya bar mata mai albarkar.

Doka ta bakwai kuwa ba wanda ya tuna min da ita, ni na karanta wa kaina. Mako guda ban taɓa injin ba, ina share shago safe da yamma, na fara da buhu huɗun nan da na sa aka juye. Modu yakan ɗauko kujera ya zauna, hannuwa a baya, yana tsotsar alawa, yana nuna min inda ban share da kyau ba. Ban gaya wa Ya Hajja komai ba. Da wane bakin?

Ranar da makon ya cika, na zo na tarar ya huda wani guntun maɗaci da ya rage daga gadon, mai girman tafin hannu biyu, ya ɗaure makullin a jiki da igiya. Ya miƙo min tawada da alƙalami.

"Rubuta doka ta takwas, Fulata. Kai ka iya rubutu."

"Me zan rubuta?"

"Rubuta: wannan ba ya shiga hula."

Na rubuta, da jar tawada, har da ado. Yana nan a rataye, mai shara yakan rataya shi a wuya, baƙi suna tambayar ma'anarsa, Modu kuma bai taɓa gajiya da bayani ba.

Abin da na koya bai da yawa. Dokokin nan bakwai duk daidai suke, ba yatsan da ya ragu a shagonmu tun da aka rataye su. Sai dai yanzu idan abu ya ɓace, kafin in sa dattawa su zazzage aljihu nakan fara laluba kaina, tun daga sama. Idan kuma zan roƙi Allah Ya tona asirin wani, nakan tsaya in yi tunani sosai, daga ƙarshe in ce, Allah Ka rufa mana asiri baki ɗaya. Modu yana cewa amin, amma idonsa a kan hulata yake.